Teburin Wasa na Alfarma a Katsina: Littafin Aiki da Lissafi

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Na ƙudiri aniyar haɗa teburin wasa guda ɗaya na alfarma, da kuɗin aljihuna, ba tare da wani ya ba ni aikin ba. Zan riƙa rubuta abin da ya ci da irin karɓar da kasuwa ta yi masa, saboda 'yan'uwana kafintoci da masu tambayar me ya sa irin wannan kaya ke da tsada haka. Sana'ata kayan ɗaki ce a nan cikin Katsina, wajejen Ƙofar Ƙaura: gado, sif, madubi, kujeru, yawanci na amare.

Ga yadda teburin yake. In yana rufe, teburin cin abinci ne kamar kowane. In ka ɗage falankan samansa, sai ka tarar da fili a ciki mai zurfin inci huɗu, an shimfiɗe shi da ƙyalle mai laushi. A nan ake wasan. Da an kira salla ko an kawo abinci, sai a mayar da falankan, wasa na nan yadda aka bar shi, babu yaron da zai watsa. A gefuna akwai wurin ɗora hannu, da aljihun ajiye 'ya'yan wasa, da mazaunin kofin shayi.

A Amurka wannan babbar kasuwa ce. Akwai kamfanin Wyrmwood a jihar Massachusetts, wanda a 2020 ya tallata wani teburinsa a shafin Kickstarter, inda mutane ke biyan kuɗin kaya tun ba a ƙera su ba, ya tara sama da dala miliyan 8. Manyan teburansa kuwa ba a maganar ƙasa da dala 5,000. A ƙarshen 2024 ɗin nan da dala ta haura naira 1,500, ka ga naira miliyan 7 da rabi ke nan tun tebur bai bar ƙasarsu ba, ba a zo kan kuɗin jirgin ruwa da na kwastan da na ɗauko shi daga Apapa zuwa nan ba.

Su wasanninsu na kati ne da taswira da 'yan ƙananan mutum-mutumi. Mu namu dara ce, da diraf, da lido, da kati, sai ces da Scrabble da 'yan makaranta ke yi. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, dara ta girmi kakannin kakanninmu, manyan mutane na yin ta, amma har yau ba wanda ya yi mata mazauni mai mutunci. Abu biyu nake son in sani: nawa zai ci in aka yi shi da katakonmu babu algus, kuma wa zai ciro kuɗi ya saya a garin nan.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, 2024

Na dawo daga 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano. Da raina ya so madobiya, don ba katakon da ya kai ta kyawun zane a ƙasar nan. Sai dai an yi mata cin ƙare dangi a shekarun da ake loda ta a kwantena zuwa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, ke sa wa ido tun 2017. Abin da ya rage a kasuwa guntaye ne, ga tsada. Madaci da kawo ma sun bi ta cikin wannan jerin a 2023, abin da ke nuna maka inda dazukanmu suka dosa.

Na tsaya a kan madaci. Ja ne mai duhu, yana karɓar gyara, yana ɗaukar sheƙi, gara kuma ba ta yi masa rawar kai kamar yadda take yi wa farin katako. Na ɗauki falankai masu kaurin inci ɗaya da 'yan masu inci biyu, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina juyawa, duk mai ƙulli ko tsaga na ture. Mai katakon ya rantse mini busassu ne. Na sa yarona ya yanki bakin ɗaya, na dafa wurin yankan, da sanyi da danshi. Ba laifinsa ba ne. Kasuwarmu ba ta biyan kuɗin jira, kowa yau zai saya gobe ya buga ƙusa.

Na ƙafafu kuwa ban yarda da sabo ba. Katako mai kaurin inci uku ba ya bushewa har ciki a hunturu ɗaya. Na yi dace da wasu tsofaffin ginshiƙan loko da aka ciro daga wani gini da aka rushe, na saye su da ramukan ƙusarsu. Gaba ɗaya da kuɗin mota zuwa ƙofar shago, katako ya ci naira 310,000.

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Babu abin da ake yi sai jira, kuma jiran nan shi ne rabin aikin.

Na jera falankan a bayan shago, cikin inuwa, na ɗaga su daga ƙasa a kan bulo. Tsakanin kowane falanki da na samansa na sa 'yan sanduna siraran don iska ta ratsa, na shafe bakunansu da tsohon fenti saboda ta baki ruwa ke saurin fita har katako ya tsage, sannan na danne saman da bulo. Masu katako a ƙasashen sanyi suna da ƙa'idar shekara guda ga kowane inci na kauri. Mu Allah ya ba mu hunturu, iskar da ke tsaga leɓe da diddige. Abin tsoro a nan saurin bushewar ne, shi ya sa na kare gefen da iska ke bugowa da buhuna.

Ga abin da yawancin masu saye ba su sani ba. Katako ba ya daina motsi ko bayan ya zama tebur. Da rani ya tsuke, da damina ya sha danshin iska ya kumbura, kuma ta faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Tsakanin Fabrairu da Agusta a Katsina bambancin ba kaɗan ba ne. Shi ya sa ake kawo tebur mai tsada daga waje, ko ma daga Legas, ya yi hunturu ɗaya a falo, wata rana cikin dare a ji ƙara kamar an harba bindiga, da safe a tarar da tsaga daga wannan baki zuwa wancan. Na ja layi a kan falanki ɗaya na rubuta faɗinsa da fensir. Duk Juma'a zan auna. Ranar da ya daina raguwa, ranar zan sa zarto.

Wani abokin sana'a ya leƙo ya ce, "Wai kai duk wannan wahala ta mece ce? Ka sa MDF, allon nan na garin katako da aka matse, ka manna masa fatar katako, wa zai gane?" Za a gane ranar da shayi ya zube a kai, ko ranar da aka ja shi daga wannan ɗaki zuwa wancan, noti ya fito da garin katako. Da MDF nake cin abinci, ban raina shi ba. Amma wannan aikin so nake jika ya gada.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na zana allon dara a kan takarda: gurbi talatin, layi biyar a jere shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu. Niyyata in huda gurabun a kan allon madaci, in sa a fiƙe 'ya'yan da kanya da farin katako. Kafin in yanka na ce bari in kai wa masu abin su gani.

Akwai majalisar dattawa a gindin wani bedi kusa da Ƙofar Marusa, kullum bayan la'asar. Na gaishe su na durƙusa, na jira aka gama wasan da ake yi. Babban cikinsu, wanda kowa ke kira Baba, ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

"Yaro, mi za ka yi da wanga abu?"

"Baba, tebur nake son in yi wa dara, a riƙa yin ta a cikin gida."

Bai ce komai ba. Ya miƙo mini takardata, ya sa tafin hannu ya share ƙasar da ke gabansa sau biyu har ta kwanta. Ya haɗa yatsu ya dangwala gurabu, layi bayan layi, ko dubawa ba ya yi, kuma ba wanda ya karkace. Ya ɗauki tsinkensa, abokin wasansa ya tattara tsakuwarsa. Da aka gama zubi aka shiga tafiya, na lura da abin da ban taɓa kula da shi ba duk da na tashi ina kallon dara. In Baba ya jera uku zai ci, ba ajiye tsinken yake yi ba, soka shi yake da ƙarfi har ƙasa ta yi tsalle, sannan ya sa yatsa biyu ya tsame tsakuwar abokinsa ya jefar gefe, 'yan kallo su ɗau shewa. In kuma yana tunani, sai ya riƙa zane a gefen fili da ɗan yatsa yana gogewa.

Da ya cinye ya dube ni ya ce, "To, a katakon naka ina zan soka?"

Tun a hanya na canza tsarin. Za a yi faranti na gorar ruwa mai zurfin inci biyu, a cika shi da rairayi mai laushi da aka tankaɗe aka wanke, ya zauna daram a cikin teburin, da murfinsa mai roba a baki don kada ƙwaya ɗaya ta zuba a kan ƙyalle. Mai son allon katako ga shi nan, mai son ƙasa ya ɗage allo ya share da hannunsa. Ban ga wannan a teburin kowace ƙasa ba, kuma ina jin shi ne abin da zai sa namu ya zama namu.

Litinin, 27 ga Janairu, 2025

Falankin gwaji ya tsaya, ya ragu da fiye da kwatar inci a faɗi. Mun fara yanka.

Babu ƙusa ko ɗaya a jikin firam ɗin. Kowace gaɓa an fiƙe kan wannan katako ya shige ramin da aka sassaƙa a wancan, da gam da turaku na katako. Ƙasan filin wasa filawud ne mai jure ruwa, don shi ba ya motsi. Falankan murfi guda biyar ne, kowane da leɓen da ke hawa kan na kusa da shi, da 'yar kwata a ƙarƙashi, ko an zubar da miya ba za ta sauka kan ƙyalle ba. Na bar musu sarari, in an haɗa ya kusa inci ɗaya, saboda kumburin damina. Yanzu ido zai ga kamar sun yi sako-sako. Haka nake so.

Wuta ba ta zama, janareta ke aikin, lita kuma ta haura naira dubu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na koyi rubuta kuɗin fetur a lissafin kowane aiki daban, don shi ne ke cinye ribar kafinta bai sani ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, 2025

Maganar ƙyalle ta ɗauke ni lokaci fiye da yadda na zata, kuma ba don tsada ba.

Koren ƙyalle aka saba gani a teburin wasa. Na kawo ƙyallaye kala-kala daga Kantin Kwari na shimfiɗa a ciki ina gwadawa, sai wani Alhaji da ya zo duba gadon 'yarsa ya tsaya a kan koren ya ce, "Malam, teburin caca ka koma yi?" Da wasa ya faɗa, amma na ɗauke ta da gaske. Duk magidancin da zai sa wannan abu a falonsa sai ya yi tunanin abin da surukinsa ko limamin unguwa zai ce in ya shigo. Kore ya fita. Na ɗauki karammiski ja mai duhu, kalar da ido ya saba gani a kilishi da kayan doki, na sa soso siriri a ƙarƙashi yadda in ka danna gefen kati zai ɗago ka ɗauka.

Wannan batu yana cikin lissafin kasuwa, ba a gefe yake ba. Akwai hadisin da Imam Muslim ya ruwaito mai tsananin hani a kan nardi, wani wasan allo da ake jefa ƙwaya a cikinsa, kuma malamai da yawa suna sa lido a ƙarƙashinsa saboda jefa ƙwayar da ake yi. Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi, ya ce babu alheri a wasan ces, wasu malaman kuma sun sassauta in babu kuɗi a ciki kuma bai hana salla ba. Ni kafinta ne, ba ni da fatawa. Abin da ya rataya a wuyana shi ne kada in ɗora wa mutum abin da zai sa shi jin nauyi. Don haka babu allon da na manne a jikin tebur. Kowane daban yake, mai saye ya zaɓi wanda ransa ya natsu da shi.

Wurin ɗora hannu na kai wa wani baduku a cikin gari ya lulluɓe shi da jar fatar akuya, irin wadda ake yi wa linzami da sirdi ado. Ɗinkin hannu ya yi, da ƙyar ka ga inda zare ya shiga. Ya ce mini rabon da a kawo masa aikin da ba na sallah ba har ya manta.

Laraba, 19 ga Maris, 2025 (19 ga Ramadan)

Aiki ya ragu saboda azumi, sai da safe muke taɓawa. Amma dare ya koya mini wani abu. Bayan asham na zaga gidajen abokai da zaurukan da ake hira, na ga inda ake buga lido da kati da dara. Ko a gidan da ke da kujeru na miliyoyi, in wasa ya yi daɗi kowa saukowa yake kan kafet, a tanƙwashe ƙafa, a jingina da kujerar. Teburin cin abincin yana can lungu an ɗora masa kuloli da fulas.

Tsayin teburin Bature inci talatin ne, don zaman kujera. Na sa an yi wa nawa ƙafafu kashi biyu masu kwancewa da noti: dogaye na kujera, da gajeru masu inci goma sha huɗu na zaman ƙasa. Mai injin juya katako ya fitar da su daga ginshiƙan lokon nan, ramukan tsohuwar ƙusa na cike su da garin katako da gam, na bar tabonsu a fili.

Talata, 8 ga Afrilu, 2025

An gama, alhamdu lillahi. Ban fesa masa fenti mai ƙyalli ba. Mai na shafa masa, a bari ya sha, a goge da sanfefa mai laushi, a sake, har jan madacin ya fito da kansa.

Ga lissafi. Madaci da loko 310,000. Kanya ta 'ya'yan dara da adon allo 25,000. Filawud 84,000. Karammiski da soso 38,000. Fata da aikin baduku 70,000. Faranti, noti, maganaɗisun riƙe mazaunin kofi da sauran ƙarafa 60,000. Gam, sanfefa, maganin gara da mai 95,000. Mai injin juyi 45,000. Fetur da wuta 110,000. Kaya kaɗai sun tashi naira 837,000. Na sa kuɗin aikina da na yara 450,000, wanda duk kafintan da ya ga gaɓoɓin nan ya san na rage wa kaina. Jimla 1,287,000. Kuɗin da na sa masa 1,800,000.

Na san nauyin wannan adadi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato albashin sama da shekara biyu ke nan ba a ci ba a sha ba. Da kuɗin nan uba zai yi wa 'yarsa gado da sif da madubi. Ta wani gefen kuma, bai wuce dala 1,200 ba, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin na Amurka ba.

Asabar, 17 ga Mayu, 2025

Tebur na nan a gaban shago, an sa masa rumfa. Masu kallo ba a magana. Hotunan da yarona ya sa a Facebook da WhatsApp sun zaga har ina samun kira daga Kaduna da Abuja. Sai dai kallo daban, ciniki daban.

Waɗanda suka fi son sa su ne waɗanda ba za su iya saye ba: 'yan majalisa, malaman makaranta, matasa. Su ne ke zama su buɗe aljihunan, su shafa fatar, su tambayi yadda aka yi kwatar murfi. Masu kuɗin kuma tambayarsu ta farko, "Daga ina aka kawo shi?" Da na ce a nan aka yi, sai fuska ta canza, a fara taya shi kamar benci. Wani ya taya 900,000, na ce albarka. Wani ya kai miliyan ɗaya da dubu ɗari, ya ce ai katako ne kawai, katakon ma na gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani dillalin kayan ɗaki ne da ya ja ni gefe ya ce in ba shi teburin ya kai shagonsa a Abuja, a goge hatimin shagona da na ƙona a ƙarƙashi, a ce daga Turkiyya ya zo. Ya ce zai sayar miliyan uku da rabi cikin mako biyu, a ba ni miliyan biyu. Na yarda zai iya. Na ce masa a'a. Ƙarya ce da farko, kuma haram ce a ciniki. Bayan haka, in aka sayar da shi da sunan Turkiyya, duk wanda ya gani ya yaba zai ƙara tabbata cewa ba a iya irin wannan a Katsina, ni kuma don a san ana iyawa na fara. Badukun nan da mai injin juyi suna da haƙƙi a cikin sunan.

Da yawa kuma suna tambaya ko ina yin teburin sunuka, don ita ce kasuwar da kowa ya sani: a sa tebur a rumfa, matasa su biya kuɗin kowane wasa, tebur ya mayar da kuɗinsa. Yawancin abin da muke kira sunuka a nan ƙaramin tebur ne mai tsawon ƙafa bakwai ko takwas, da shimfiɗar katako ko mabul. Na gasar duniya ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ƙasansa allunan dutse ne guda biyar da aka goge suka daidaita, nauyinsa ya haura tan guda, ƙyallensa na ulu ne da ake yi a yankin Stroud na Ingila. Dutsen da ƙyallen da robar gefe duk sai an shigo da su da dala. Aikin kafinta a ciki kaɗan ne, shi ya sa ban shiga ba. A nawa teburin, in ka cire filawud da 'yan ƙarafa da ƙyalle, sauran kuɗin duk a hannun mutanenmu ya tsaya.

Asabar, 14 ga Yuni, 2025

An sayar, mako guda bayan Babbar Sallah.

Ba attajiri ne ya saya ba. 'Ya'yan wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati suka haɗa kuɗi. Babbar 'yarsa ce ta zo da ƙaninta. Ta ce tun da ciwon gwiwa ya hana mahaifinsu fita majalisa ya rage walwala, abokansa kuma sun rage zuwa don ba abin da zai zaunar da su. Ba ta tambayi daga ina aka kawo ba. Ta sa an ɗage allo ta ga farantin rairayi, ta kira wani yayansu a waya ta ce, "Yaya, ka ga abin da nake faɗa maka."

Mun daidaita a 1,550,000. Na ce, "Hajiya, Allah ya sa albarka, na sallama." Da dogayen ƙafafu aka kafa shi saboda gwiwar, gajerun aka ajiye.

Abin da ya saura bayan kaya da kuɗin aiki 263,000 ne, a kan kuɗin da suka kwanta tun Nuwamba. Da saitin amare na yi a wannan lokaci da na fi haka samu nesa ba kusa ba. Duk mai son shiga wannan layi ya san da haka, kada ya taɓa jarin da yake juyawa.

Inda kuɗi ya fito ban yi tsammani da yawa ba. Guntayen madacin da suka rage na sa yara sun haɗa ƙananan akwatunan dara, faranti na rairayi a ciki, murfin kuma allo ne mai gurabu, naira 45,000. Ba sa kwana biyu a shago. 'Yan majalisa karo-karo suke yi su saya, wasu kuma tsaraba suke kai wa iyaye. Sannan wata makarantar kuɗi ta nemi tebura shida marasa ado na ces da Scrabble. Shugabar ta ce tun da Tunde Onakoya ya yi awa 60 yana buga ces a birnin New York a Afrilun 2024 yara suka dame su, ga shi kuma dama Najeriya na da suna a Scrabble tun da Wellington Jighere ya ci gasar duniya a Ostireliya a 2015. Duk waɗannan babban teburin ne ya jawo su ƙofar shago.

Asabar, 9 ga Agusta, 2025

Ruwa ya zauna sosai, na je duba tebur. Sararin da na bari tsakanin falankai ya rufe ruf, ɗaya ma sai da na ɗan buga shi da tafin hannu kafin ya ɗago. Na goga masa kyandir a leɓe, ban yanki komai ba, don in na rage yanzu zai yi gibi a watan Janairu. Babu tsaga, babu gaɓar da ta saki. Rairayin ya ɗan yi danshi, na ce a riƙa shanya shi. Fatar wurin hannu ta fara duhu a gefe biyu, gefen maigidan da na wanda ke zama gabansa. Na tarar da su biyar, ana jiran layi.

Mutum biyu sun nemi irinsa. Na farko ɗan garin nan ne da ke aiki a Abuja, yana so cikin mako shida saboda buɗe sabon gida, ya ce zai biya duka yau. Na ce ranka ya daɗe, katakon da zan saya yanzu jiƙe yake, ba zan sa masa zarto ba sai ya sha hunturu, tebur sai Maris. Ya ce zai duba wani wuri. Na biyun ya yarda da jira, gajerun ƙafafu kaɗai yake so, ba ya son allon lido.

A kan kafin alƙalami na kafa wa kaina doka. A Amurka akwai kamfanin Geek Chic, wanda yana cikin waɗanda suka fara fito da irin waɗannan tebura. Ya rufe a 2017 da kuɗin mutanen da suka biya suna jira, ba tebur ba kuɗi. Hatsarin sana'ar ke nan: aiki na wata da watanni, kuɗin mutane a hannunka, farashin kaya na tashi, sai ka fara cin kuɗin na baya kana gama aikin na gaba. Mu ma mun san kafintocin da kayan amare suka kai su gaban alƙali ta wannan hanya. Don haka kuɗin katako kaɗai zan karɓa, in saya, in rubuta sunan mai shi a bakin kowane falanki, ya zo ya gani da idonsa. Sauran kuɗi sai an fara yanka, kuma a ranar za mu yi farashin ƙarshe a rubuce da shaidu. Fiye da tebur biyu ba zan karɓa a shekara ba.

Katako sai ƙarshen Oktoba in ruwa ya ɗauke. Kafin nan zan gama na makarantar, in kuma nemi maƙerin farin ƙarfe da zai zuba mini mazaunin kofi na tagulla, don na farkon na kanti ne kuma bakinsu ya fi ƙarfin ƙananan kofunan shayinmu.